Tayoyin Bangon Baya

Nazih ya taka totur sau biyu kafin ya kashe motar, don mai shagon tayoyi ya san ya iso. Matarsa Hiyam ta dafa ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin cikinta, ta fito a hankali. Motar ja ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar an danne ta. Ga mai cikin wata bakwai, fita daga cikinta ma aiki ne.

"Mu'allim Tanus," Nazih ya kira. "Ko sanyi ya gama da kai ne?"

"Tun daga Zahle nake jin ka," tsohon ya amsa daga ciki. Ya fito yana goge hannu da tsumma. "Sannu, 'yata. Har yanzu a wannan akwatin ashana yake ɗauko ki? Jaririn a ina zai zauna, a kan rufi?"

Hiyam ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ba ta iya magana a gaban maza ba, ko da tsofaffi ne.

Tsakiyar Nuwamba ce. Rana ta fito a garin Shtura amma ba ta da zafi. Can sama, inda hanyar Dahr al-Baidar ke hawa, kan dutsen ya riga ya yi fari da ƙanƙara. Ta nan Nazih yake bi kowace safiya zuwa wurin aikinsa a Bairut, ta nan yake dawowa.

Suka zauna kusa da murhu, Tanus ya zuba gahawa. Nazih ya nuna wasu sabbin tayoyi da ke jingine a bakin ƙofa.

"Waɗancan nake so, na duk shekara. In ɗaura sau ɗaya in huta. Tayoyin sanyin nan kuka suke yi kamar injin niƙa, kuma in na shiga kwana sai in ji kamar katifa nake tuƙawa. A Bairut rana ake yi, abokan aiki har tambayata suke ko Rasha za ni."

"Roba ce, ɗana," in ji Tanus. "Ta duk shekarar nan in sanyi ya kai mata sai ta taurare kamar tafin takalmi. Ga motarka da tayoyin baya take turawa. In ta ga ƙanƙara, gindinta ne zai riga hancinta isa garin Sofar."

"Kwana nawa ake ƙanƙarar? Goma a shekara. Kuma in ta yi yawa jandarma suna rufe hanya."

"In ta yi yawa, e. Ranar da ba ta yi yawa ba fa?"

Nazih ya yi dariya. "Kai dai so kake in riƙa zuwa sau biyu a shekara ina taya ka hira."

Hiyam ta matsa kusa da mijinta ta yi masa raɗa. Tanus ya gane ba tare da an faɗa masa ba. Ya nuna wata ƙofar ƙarfe. "Ki wuce ta ɗakin ajiya, 'yata, yana hannun hagu. Ki lura da ƙafarki."

Ɗakin ajiyar ya fi shagon sanyi. Ƙaramar taga ɗaya ce a sama, haskenta bai kai ƙasa sosai ba. A nan ake ajiye wa mutane tayoyin sanyi daga Afrilu zuwa Nuwamba, huɗu-huɗu, ɗaya kan ɗaya, an rubuta sunan mai su da alli ruwan ɗorawa a jikin ta sama. Na kusa da ƙofa saura kaɗan, yawancin mutane sun zo sun karɓi nasu.

Sai da ta fito daga bayan gida ta lura da na bangon baya. Sun yi layi, tsayin kowanne ya kai ƙirjinta, ƙura ta rufe musu kai. A cikin duhun nan kamar mutane ne suka tsaya suna jiran a kira su.

Hiyam a aji huɗu ta bar makaranta, karatu sai a hankali, harafi bayan harafi. Ta matsa ta sa yatsa a ƙarƙashin sunan farko. Wadi' Ma'aluf. Ta san sunan. Ɗan mai kantin magani ne, shekara uku da suka wuce motarsa ta shige ƙarƙashin tirela a gangara. Ita ma ta je gaisuwa tare da mahaifiyarta. Na biyu ba ta sani ba. Na uku, Rabi' Hamiya, angon maƙwabciyarsu, wanda aka kawo gawarsa gida kafin lallen amarya ya goge.

Ta ci gaba da tafiya a jikin layin, ba don tana so ba. Bakwai, takwas. Na ƙarshe ba shi da ƙura ko kaɗan. Allin sabo ne, kuma a ƙasa ga alamar inda aka jawo tayoyin daga gaba. Wannan sunan ba ta buƙaci ta haɗa haruffansa ba. Nazih Kassab.

Daga shago tana jin muryarsa, yana dariya a waya.

"Na ce hagu, 'yata."

Tanus ne a bakin ƙofa. Ba ta ji shigowarsa ba.

"Baffa," ta ce, "waɗannan na su wa ne?"

"Na waɗanda ba su dawo sun karɓa ba. Ba nawa ba ne, balle in sayar. Iyalansu kuma ba sa son ganinsu."

"Duk a dutse suka mutu?"

"A'a. Wancan Kanada ya tafi. Wancan kuma zuciya ce, a kan gadonsa."

"Sauran fa?"

Tsohon ya duba tsumman da ke hannunsa.

"Nazih yana waje," ta ce. "Gahawarka yake sha."

"Jiya ya bugo ya ce bana ba ya buƙatarsu. Gaba wurin masu zuwa karɓa ne." Ya dafa ƙugunsa. "Ba mugun fata nake masa ba, Allah ya sani. Wuri ne kawai. Bayana ya daina ɗaukar kaya sau biyu."

"Wadi' ma waya ya bugo?"

"Shi da kansa ya zo." Ya nuna wajen shago da kai. "A kujerar da Nazih yake kai ya zauna."

Hiyam ta rungume tayar sama da hannu biyu ta jawo. Ta fi yadda ta zata nauyi, ga ta da faɗi. Tayar ta goge jikinta ta faɗi, ta yi tsalle sau ɗaya. Tanus ya miƙo hannu, ta kauce masa. Ta tayar da ita ta gangara da ita ta cikin ƙofa, har sai da ta bugi ƙafar kujerar Nazih.

Ya miƙe da waya a hannu. "Ke lafiyarki? Da wannan cikin?"

"Saura uku," ta ce. Idonta a ƙasa, amma ba ta yi raɗa ba. "Ko ka ɗauko, ko in ɗauko."

"Tsoho, me ka faɗa mata?"

"Ni? Bayan gida na nuna mata."

Hiyam ta juya za ta koma. Nazih ya riƙe hannun rigarta. A shekara biyu na aurensu bai taɓa ganin ta musa masa a gaban wani ba. Ya yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito daidai ba.

"To, zauna. Zauna mana. Ni zan ɗauko."

Ya shiga. Ɗauko taya ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma gahawar da ke kofinsa ta daina tururi bai fito ba. Ba a jin motsin komai daga ciki. Da ya fito yana gangaro da biyu, ɗaya a kowane hannu, bai kalli kowa ba. Ya koma ya kawo ta ƙarshe.

"Ɗaura," ya ce wa Tanus. "Amma in suka yi mini kuka, kai zan kawo wa ƙara."

"Ka kawo. A Afrilu ina nan."

Tanus ya sa jak ya ɗaga motar, ya kwance notuna ɗaya bayan ɗaya. Hiyam tana zaune kusa da murhu sai ta ga alli a gaban baƙar rigar sanyinta, daidai kan cikin. Sunan ne ya kwafu daga tayar, a juye. Ta sa tafin hannu ta goge. Haruffan suka ɓace, amma launin ya zauna.

Suna shirin fita wata farar mota ta shigo, ita ma ƙasa-ƙasa. Direban ya taka totur sau biyu kafin ya kashe. Ya leƙo ta taga, da tabarau a goshi.

"Mu'allim, bana ka bar na sanyin nan a ajiye. Kana da na duk shekara?"

Ta madubin gefe Hiyam ta ga Tanus tsaye, hannu ɗaya a ƙugu. Ƙofar ƙarfen yake kallo.

Da suka hau kwalta tayoyin suka fara kukansu, wani gurnani mara yankewa da ke tasowa ta ƙarƙashin kujera. Nazih ya yi tsaki ya miƙa hannu zai kunna rediyo.

"Bar shi," in ji Hiyam. "So nake in ji su."