Wake a Ƙofar Gabas

Ƙarar faɗuwar ta ratso bango ta iske Kafinta yana tsakiyar goge ƙafar kujera. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya faɗa gidan maƙwabcinsa, ya tura ƙofar ɗakin aiki, santsi ya kusa kwashe shi. Wake ne warwatse a kan siminti, Mai Zane kuma yana kwance a gindin tebur, hannunsa dafe da ƙirji.

Auta, 'yar tsohon, tana durƙushe ta tallafe kansa. "Kawu, nemo mana mota. Baba ya hana a ɗaga shi."

"Ba ni za a fara ɗauka ba," in ji Mai Zane, muryarsa na fita da ƙyar. Ya nuna tebur da haɓa. "Wancan."

A kan teburin akwai filin ƙwallo na katako, faɗinsa ya kai tabarma biyu, da benayensa da matakalansa da ƙofofi huɗu. Wata bakwai suka yi suna haɗa shi, tsohon yana zanawa, Kafinta yana yankawa yana liƙawa. Na gaskiyar zai ɗauki mutum dubu sittin. Zanen Mai Zane ne aka zaɓa tun farko, amma da ya shiga hannun kamfanin gini sai suka matse ƙofar gabas, suka lanƙwasa matakalarta, don su sami wurin ɗakunan gilashi na manyan baƙi. Yau da ƙarfe sha ɗaya kwamiti zai sa hannu a fara aiki.

"Maigida, ni ban iya maganar ofis ba," in ji Kafinta.

"Wa ya ce ka yi magana? Zubawa za ka yi. Sau nawa ka ga ina yi?"

"Na gani har Auta ta fara ɓoye buhun waken kicin."

Tsohon ya so yin dariya, ciwo ya katse shi. Kafinta ya tsuguna daidai fuskarsa. "To ga sharaɗi. Ka tafi asibiti, in tafi ofis. In ka ƙi, ni ma na zauna, mu yi ta kallon juna."

Mai Zane ya harare shi, sannan ya saki ƙafar teburin da ya riƙe.

Mota biyu suka tashi daga layin, ɗaya ta yi dama da marar lafiya, ɗaya ta yi hagu da filin katako, Kafinta a baya ya rungume shi kamar jinjiri. Ofishin yana hawa na shida, lif kuma ya ƙi cin kayan. Kafinta ya zaro sukundireba, ya raba filin gida huɗu, shi da direba suka haura da shi ɗaya bayan ɗaya. Saura minti biyar ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe a kan dogon teburin taro, zufa na ɗiga daga gemunsa.

Mutum tara ne a zaune. Shugabar kwamitin, dattijuwa mai tabarau, ta dubi ƙafafunsa masu ƙurar katako. "Ina Mai Zane?"

"Yana asibiti, ranki ya daɗe. Ni maƙwabcinsa ne. Ya aiko ni da saƙo, saƙon kuma yana cikin gwangwanin nan."

Injiniyan kamfanin, wani dogo mai sanye da kwat, ya duba agogo. "An gama wannan muhawarar tuni. Kwamfutarmu ta gwada, cikin minti takwas kowa ya fice."

"Ba shi minti biyar daga ciki," in ji shugabar.

Kafinta ya buɗe gwangwani. "Kowace ƙwaya mutum goma ce. An busa tashi, kowa zai tafi gida." Ya zuba wake a benen yamma, ya riƙa ƙwanƙwasa gefen tebur da ƙotar guduma. Waken ya gangaro matakala, ya bi ta ƙofa, ya zube cikin faranti tas.

Wayarsa ta fara rawa a aljihu. Bai taɓa ta ba.

Ya sake cika gwangwanin, ya zuba a benen gabas a hankali. Waken ya gangaro, ya iso lanƙwasar da matakalar sama ta haɗu da hanyar masu kujerun ƙasa, 'yan ƙwayoyi suka wuce, sauran suka cushe. Ya ƙwanƙwasa. Na baya suka hau kan na gaba. Ya ƙara ƙwanƙwasawa da ƙarfi har kofunan shayi suka yi ƙara, tarin bai motsa ba.

"Malam, wake ba mutum ba ne," in ji injiniyan.

"Gaskiyarka, yallaɓai. Wake ba ya firgita. Ba ya juyowa neman ɗansa da ya suɓuce masa. Ba ya faɗuwa a bi ta kansa. Shi da ba ya yin ko ɗaya, ga shi nan ya maƙale."

Wayar ta sake rawa, ta daɗe, ta yi shiru.

Shugabar ta cire tabarau. "Injiniya, mutanen cikin kwamfutar taku, tafiya suke yi ko gudu?"

"Tafiya. A natse, layi-layi."

"Layi-layi?" in ji wani mai ƙiba daga ƙarshen tebur. "Ranar da aka zura mana ƙwallo uku, ni kaina ta kan kujeru na fita."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Kafinta ya kwance ƙusa huɗu, ya zare ɓangaren gabas, ya ciro na ainihin zanen Mai Zane daga jakarsa ya zura a gurbin. Matakalar wannan miƙe take, ƙofarta ta ninka waccan. Ya tattara waken ya sake zubawa. Ƙwanƙwasa uku, faranti ya cika.

"Wannan zai cinye ɗakunan baƙi takwas," in ji injiniyan.

"Sai baƙin su zauna a kujera irin ta kowa," in ji shugabar. Ta miƙa wa Kafinta hannu. "Ina takardar zanen wannan?"

Ya ba ta naɗin da ya zo da shi a hammata. Ta warware, suka duba layi bayan layi, aka yi ta ja-in-ja har kusan awa guda. Daga ƙarshe ta sa hannu a kansa, shida suka bi ta.

Sai da ya sauko hawa biyu ya zauna a kan matakala ya kira Auta.

"Kawu," ta ce. Ya ji ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa ta bayanta. "Baba ya cika. Tun sha ɗaya da kwata."

Kafinta ya yi salati a hankali, ya jingina kai da bango.

"Da na fara kiranka yana da rai. Cewa ya yi in gaya maka kada ka zuba da sauri, wai kai akwai gaggawa."

"Ban yi sauri ba, Auta," ya ce. "An buɗe ƙofar."

Kwana biyu bayan an kai Mai Zane makwancinsa, da yamma, masu gaisuwa sun ragu, Kafinta yana zaune shi kaɗai a benci a ƙofar gidan. Wata farar mota ta tsaya. Wani mutum ya fito, takalmansa sun sha jar laka har idon sawu, hular kwano a hannu. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, amma bai juya ba.

"Kai ne kafintan?"

"Ni ne."

"Ni ne mai kula da leburori a wurin ginin. An hana ni faɗa, amma na kasa haɗiyewa." Ya waiga bayansa, ya rage murya. "Harsashin gabas, mako uku ke nan da muka zuba masa kankare. A kan zanen kamfani, mai matsattsiyar ƙofa. Kuma har yau ba wanda ya ce mu fasa."

Kafinta ya dubi lakar takalman. Sannan ya matsa gefe, ya share masa wuri a bencin da tafin hannu.

"Zauna," ya ce. "Faro mini daga ranar da kuka fara haƙa."