Sandar Kifin Dino

Dino Musumeci rago ne, ga ƙarya. Da aka gama tsinkar inabi a watan Maris, yayarsa Carmela ta bar masa gonar marigayi mahaifinsu a Stanthorpe, ta tafi Brisbane wajen 'yarta da ta haihu. Ciyawar tsakanin layuka kawai aka ce ya yanke. Sai ya buɗe wa tumakin maƙwabci ƙofa su yi masa aikin, ya saɓi sandar kamun kifinsa ya nufi dam.

Tumaki suka gama da ciyawa, suka ɗaga kai suka hau ganye. Ganyen bayan tsinka kuwa shi ke tara wa itacen abincin da zai jure sanyi da shi. Da Dino ya ga layuka tsirara, sai ya zazzaga musu takin zamani, ya sakar musu ruwa, don sabon ganye ya rufa masa asiri.

Carmela ta dawo a watan Mayu. Gonar kowa ta yi rawaya, tasu kaɗai ce kore shar.

Dino ya ce, "Yaya, kin ga aiki? Ko Baba bai taɓa samun haka ba."

Ta duƙa ta tsinto kashin tunkiya. "Wannan fa?"

"Zomaye ne."

"Kamo min zomon mu aske shi, ina son rigar ulu."

A watan Yuni, lokacin tsananin sanyi a ƙasar, ƙanƙara ta sauka, ta ƙone ɗanyun rassan ƙurmus. Ba amfanin baɗi ne ya fi damun Carmela ba. Layin da ke bayan gida, wanda Baba ya dasa da hannunsa shekarar da ya zo daga Sicily, shi take wa tsoro. Ta bi shi da almakashi tana datsewa, tana kankare ɓawo da farce ko za ta ga ɗanye. Ta hana a ƙara ko cokali na taki.

Wata safiyar Oktoba ta fito da kofin shayi, sai ta watsar da shi ta ƙwala kira: "Dino! Taso, malalacin banza, layin Baba ya tofo!"

Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ta rungume shi, sannan ta murɗe masa kunne. Kurangar inabin da ke ƙarshen layin kaɗai ta mutu har ƙasa, ita ma ta turo ɗan tsiro daga gindi.

Da lokacin tsinka ya zagayo, amfanin bai kai rabin na bara ba, amma ya isa biki. Dangi suka cika tsakar gida, aka ci taliya, aka matsa wa jikar Carmela ƙwayar inabi ɗaya a baki, ta yamutsa fuska, ta miƙo hannu a ƙara mata.

Sandar Dino kuwa Carmela ta kafe ta a gindin kurangar ƙarshe, ta ɗaure tsiron a jikinta. Ba za a zare ta ba sai ya yi 'ya'ya.