Sojojin Laima a Bayan Mota

Maikano ya buɗe bayan motar bayan sallar Azahar, zafi ya buge shi a fuska, sai ya ga akwatin. Tun safe ɗansa Sufyan ya ce masa, "Baba, don Allah ka shiga da shi ofis, kar ya sha rana." Shi kuwa da ya sauke maigidansa, sai ya manta.

Ya ɗaga murfin. 'Yan sojojin roba ne, kowanne bai kai yatsa ba, waɗanda Sufyan ya yi wata takwas yana yi musu fenti. Jiragensu uku sun lanƙwashe, laimomin sauka sun narke sun manne da juna. Kuma yau ne gasar wasan yaƙi da Sufyan zai shiga da su.

Ya kira matarsa Turai.

"Ka gaya masa gaskiya," in ji ta.

"Yaron da sai da kyar yake yi mini magana? Bara na ce masa wasan yara ne. Zai ce da gangan na yi."

"To, ka kai masa da hannunka."

Shagon da ake gasar yana unguwar Al-Murabba. An shimfiɗa babban tebur da gonaki, da kogi, da wata gada ta kwali. Sufyan yana tsaye da abokin karawarsa, Kamil, suna Larabci. Maikano ya ajiye akwatin.

"Na bar su a mota. Laifina ne."

Sufyan ya ɗauki jirgi ɗaya, ya juya lanƙwasasshen fiffikensa.

Kamil ya leƙo. "Wallahi kamar na gaske! A harin da muke kwaikwayo ai jirage da yawa haka suka faɗi."

Sufyan ya dasa jirgin a tsakiyar gona, hancinsa a ƙasa, ya jera sojoji shida a gefensa. Sannan ya miƙa wa mahaifinsa 'ya'yan lido biyu.

"Kai ka kayar da su, Baba. Kai za ka kai su gada."

"Ba caca ba ce dai ko?"

"Babu ko riyal. Yalla, jefa."

Maikano ya jefa. Aka ce zai iya matsawa tsawon taƙi ɗaya. Ya dubi gadar, ya dubi bindigogin Kamil da ke jiran su a can. Sai ya kwashe sojojin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɓoye su bayan wata katanga.

"Baba, gada tana can gaba!"

"Na gani. Yanzu suka faɗo daga sama, kuma ba su ci komai ba. Su huta tukuna."

Sufyan ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya jawo kujera kusa da tasa.

"Zauna, Baba. A haka sai mun kai Magariba."