Ƙofar Sarkin Toka

"To, ga ku a bakin ƙofarsa," in ji Mai Agogo, yana jan numfashi da ƙyar. "Me za ka yi?"

"Zan koma in duba dokina," in ji Direba.

Tela ya buga cinya. "Kai jama'a! Dokin nan sau nawa za a duba shi? Mako uku ke nan muna tsaye a ƙofa ɗaya kamar masu jiran likita."

Shekara tara maƙwabtan nan uku suna wannan wasa duk yammacin Asabar a shagon gyaran agogo. Mai Agogo ne mai ba da labari. Shi ya zana ƙasar a bayan kwali, da duwatsunta da kogunanta, shi ke magana da bakin dodanni da sarakuna. Su biyun kuwa kowa da jaruminsa a takarda. Mutum ya faɗi abin da zai yi, ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ke raba gardama. A saman takardar Direba an rubuta "nagari", ya kuwa riƙe kalmar nan kamar lasisinsa: jaruminsa bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa saran wanda ya faɗi ƙasa ba. Tela ɓarawo ya zaɓa, wai kirkin da yake yi a shago ya ishe shi.

Tun da ciwon huhu ya kwantar da Mai Agogo aka mai da wasan ɗakinsa, kwalin a kan tire bisa ƙafafunsa. Abin da ya rage kawai su shiga wurin Sarkin Toka, mugun da ya ƙone birane bakwai, labari ya ƙare. Direba kuwa ba ya so ya ƙare. Gani yake muddin ƙofar nan tana rufe, maƙwabcinsa ba zai tafi ba. Ya san wauta ce, amma ya kasa dainawa.

'Yar Mai Agogo ta leƙo ta yafito Direba zuwa baranda.

"Kawu, don girman Allah ka shiga ƙofar nan."

"Ke ma kin shiga wasan ne?"

"Duk Asabar Baba ba ya shan maganin rage zafi, wai kada kansa ya yi nauyi ya manta labarin. Tun safe yake cizon filo. Likita ya ce kwanaki ne suka rage. Kai kana ganin kwana kake ƙara masa, shi kuwa..."

 Kunya ta kama Direba, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ashe mako uku shi ne mai azabtar da mutumin, yana ta wani duba doki.

Ya koma ya zauna. "Na tura ƙofar."

Idon Mai Agogo ya kawo haske. "Babu dakaru, babu wuta. Ɗan ɗaki ne. Ga tsoho a kwance, ƙashi da fata. Ya dube ka ya ce, 'Kun daɗe a hanya.'"

"Haba, wannan ai zalunci ne! Ka san jarumina ba ya saran na kwance."

"Na sani. Shi ya sa na kwantar da shi." Dariya ta zame masa tari, sai da ya lafa ya ci gaba. "In ka bar shi, tsafinsa zai tashe shi ya ƙone birni na takwas. In ka sare shi, ka sari marar lafiya. Shekara tara kana mana tinƙaho da kalma ɗaya a takarda, mutumina. Yau ina so in ga abin da ke cikinta."

"Ku bar ni da shi," in ji Tela. "Ni ba ni da sunan da zai ɓaci."

Mai Agogo ya ce, "Kai gadin ƙofa kake. Yi mana shiru."

Direba ya juya ɗan ludon a tafin hannunsa. "Shi tsohon, me yake so?"

Mai Agogo ya dube shi. "Ya gaji."

"To, zan sare shi. Nawa nake buƙata?"

"Sama da goma. In ka kuskure, sai wata Asabar."

Direba ya jefa. Ɗan ludon ya bugi gefen tire, ya yi tsalle, ya gangara ƙarƙashin gado. Direba ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya cusa kai. Ga shi can jikin bango, bayan silifas. Biyu ne.

"Nawa?" in ji Mai Agogo daga sama.

Direba, wanda ko sau ɗaya bai taɓa yin coge a wasan nan ba, ya ce, "Sha takwas."

"Ɗauko mu ga..." Tela ya fara, Direba ya danne masa ƙafa da hannu.

Mai Agogo ya ɗan murmusa, bai nemi gani ba. Ya gyara kwanciya ya ba da ƙarshen labarin a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi: yadda takobi ya sauka sau ɗaya tak, yadda ruwan sama ya zubo kan biranen da suka ƙone, yadda ɓarawon Tela ya sace cokulan fada a hanyar fita. Suka yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya ture tiren, ya kira 'yarsa.

"Kawo maganin nan yanzu."

Ranar Talata da hantsi Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan mako guda aka roƙi Direba da Tela su taimaka a fitar da gadon. Suna ɗagawa, ga ɗan ludon inda yake, biyun na kallon sama. Tela ya gani, ya kau da kai. 'Yar Mai Agogo ta sunkuya ta ɗauka, ta share ƙurar da gefen mayafinta, ta sa wa Direba a hannu, ta naɗe masa yatsunsa a kai.