Obed da Maganin Hantsi

Obed manomi ne a Randagi. Yana cikin shan maganin tarin fuka sai jijiyoyin ƙafarsa suka fara ɗaurewa. Ya hau babur zuwa asibiti a Birnin Gwari, aka ɗibi jininsa.

"Kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya yi ƙasa a jininka," in ji likita. "Kada ka daina maganinka. Ka riƙa shan nono, ka ci ƙananan kifi da ƙayarsu, ka sha hantsi."

"Likita, ai tun ina yaro nake cikin rana."

"Tun da ka kwanta ciwo fa?"

Tun da Obed ya kwanta, matarsa Alice ko ƙofar ɗaki ba ta barinsa ya leƙa.

Washegari ya kafa kujera a ƙofar gida. Maƙwabcinsa Mu'azu ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa.

"Obed, me kake yi a rana?"

"Magani nake sha."

Mu'azu ya duba, bai ga ƙwaya ba, bai ga ruwa ba. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da aka sake gwaji, kalsiyam ya ɗan hau. Mu'azu dai har yau cewa yake ciwon ya taɓa wa Obed kai.