Shafin da Ya Rage a Ƙarƙashin Bas

"Ɗaga hannunka, Tartsatsi! Fenti ne wannan, ba walda ba!"

Mai walda ya saki kunamar bindigar feshi, ya leƙo daga ramin da ke ƙarƙashin bas ɗin. Maƙwabcinsa mai fenti, wanda duk layin ke kira Sannu-Sannu, yana kan kujerar roba a bakin gareji, lulluɓe da bargo. Ciwo ya cinye shi tas, faɗan ne kawai bai taɓa ba.

Bas ɗin ruɓaɓɓiya Sannu-Sannu ya samo ta, ya ce zai tayar wa 'yarsa da ita ta riƙa kai yara makaranta tunda mijinta ya rasu. Ya kankare tsatsa da hannunsa. Ya fesa shafin kashe ƙara, ya bar shi ya bushe, ya bi da na tare zafi don kada salansa, bututun hayaƙi, ta gasa ƙafafun 'ya'yan mutane. Saura na sama mai rufe su, sai jiki ya ƙi. Shi kuwa shafin zafi soso ne, ruwa na taɓa shi zai sha ya kumbura ya ɓare, ga titi duk taɓon damina. Likita ya ce a kawo tsohon a ba shi gado, shi kuma ya kafe: sai an rufe aikinsa, kuma a cikin bas ɗin zai tafi.

"Kawu, don Allah ka zuba masa da kauri sau ɗaya mu wuce," in ji 'yar, tana riƙe da jakar kayan asibiti. "Numfashinsa fa ba kamar na jiya ba ne."

Abin da ke ran Tartsatsi ke nan. Mutum ne mai gaggawa, shayinsa ma a tsaye yake shanyewa, kuma tsoro ya kama shi sosai. Amma shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, ya san in ya yi ha'inci tsohon zai gane tun daga kukan injin iska.

"In ka yi kauri, sama ta bushe, ciki ɗanye," in ji Sannu-Sannu. "Kafin rani ya tsattsage. Wa zai gyara mata? Kai?"

"Ni mana."

"Allah ya kiyaye."

Har 'yar sai da ta yi dariya tana share ido. Tartsatsi ya koma rami, ya ja da hannu baya, ya bi ƙarfen siriri siriri, daga gaba zuwa baya, bai tsallake lungun taya ba. Da ya gama ya fito ya zauna kan wata tsohuwar taya, aka shiga jira. Bai taɓa jin jira mai nauyin wannan ba. Ya miƙe, tsohon ya ce zauna. Ya sake miƙewa, aka harare shi.

Can Sannu-Sannu ya ce, "Taɓa da bayan yatsa, a inda ba a gani."

"Bai kama yatsa ba," in ji Tartsatsi.

"To bismillah, na biyu."

Sai da la'asar ta yi sanyi fentin ya yi tauri. Suka ɗauko tsohon su biyu, ba nauyi, suka kwantar da shi a kujerar bayan direba, kansa a cinyar 'yarsa. Tartsatsi ya tayar da mota suka hau titi. Yayyafi ya fara, taya na watsa ruwa da tsakuwa a ƙarƙashi, amma a ciki ko ƙwas. Duk tsufar injin, sai ka ce daga wata unguwa ake jin sa.

Tsohon ya zare takalmi, ya sauke ƙafa ɗaya a kan ƙarfen, daidai saitin salansa.

"Da sanyi," ya ce a hankali. "Ka iya, Tartsatsi."

"Ai ka koyar da ƙarfin tsiya."

Tsohon ya lumshe ido. Da a wata mota ce, da sai sun isa ƙofar asibiti za su sani. A wannan kuwa Tartsatsi yana jin numfashin maƙwabcinsa sarai a bayan kunnensa, yana shiga yana fita, har ya fita bai dawo ba. 'Yar ta kira "Baba" sau ɗaya, ta fara salati.

Ya gangara gefen titi ya tsaya, hannunsa na kan sitiyari, hawaye na zuba bai share ba. Injin yana aiki, ruwa na gangarowa kan gilashi, ƙafar tsohon tana nan shimfiɗe a kan ƙarfen.