Yaya Ne Mai Amsa wa Likita

Tela yana kwance a gadon jikin taga a ɗakin maza na asibiti, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, tari na tsinka masa numfashi. Matarsa tana kan tabarma a ƙasa. Kujera kuwa ta Yaya ce, wan Tela, wanda tun rasuwar mahaifinsu ba a yanke magana a gidan sai da shi.

Ita kaɗai ta san abin da ke cin mijinta. Su biyun suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ita ba ta taɓa fashin magani ba, ga ta nan garau. Shi kuwa ya daina karɓa tun ranar da ya hango wata mai kawo masa ɗinki a layin asibiti.

Da likita ta zo zagayen safe, ta tambaya, "Akwai maganin da yake sha a gida?"

"Babu," in ji Yaya. "Ƙanena ko na ciwon kai ba ya sha. Taifot ne, ku ƙara masa ruwa."

"Malama, ke fa?"

"Me za ta sani wanda ban sani ba? Ni na goya shi."

A gidansu mace ba ta ɗora magana a kan ta wan miji. Sai ta sunkuyar da kai. Likita ta ce tana so a yi gwajin ƙanjamau. Tela ba ya cikin hayyacinsa, don haka Yaya ya amsa masa.

"A'uzubillahi! A zuri'armu? Likita, ki nemi ciwo inda ciwo yake."

Wannan shi mutane ke kira kunya da tarbiyya. Kunyar da za ta raka mutum kabari wauta ce, ko wa ya koyar da ita.

Matar ta yi ta neman hanyar keɓewa da likita, abin ya faskara. In ta miƙe, Yaya ya aike ta ɗebo ruwa. In likita ta fita, ya bi ta har baranda yana mata bayanin taifot.

"Yaya, da ka je gida ka ɗan huta."

"Ni da hutu, ƙanena na kwance? Ke dai je ki wanke kwanuka."

Tsohon da ke gadon kusa ya leƙo. "Bawan Allah, kujerar nan gadonta ka yi ne? Ko kai ma a sa maka ruwan?"

Yaya bai yi dariya ba.

Haka aka ci mako. Wata safiya Tela ya tashi wuyansa ya sanƙare. Ya dubi matarsa, ya ce, "Baiwar Allah, ɗinkinki sai jibi."

Ana haka likita ta shigo. Matar ta miƙe tsaye.

"Likita, cutar da kika so a gwada, yana da ita. Ya daɗe da daina shan magani. Ni ma ina da ita."

"Ke!" in ji Yaya. "Kin haukace?"

Likita ta ɗaga fatar idon Tela, ta ga ba jini, ta gwada lanƙwasa wuyansa, ya yi ƙara.

"Sai yau? Irinsa muke rasawa a ɗakin nan. A bar magani, a zo a makare, jini ya ƙare, tarin fuka ya ci ƙirji, sannan a ɓoye mana. Yanzu ina tsoron abin ya hau kai."

"Don Allah ki rage murya," in ji Yaya, yana waige-waige. "Akwai mutane."

Ba wanda ya kula shi. Likita ta ƙwala wa ma'aikatan jinya kira, aka zo ana kwance ledar ruwa don a tura gadon.

Matar ta riƙe ƙarfen gadon. "Likita, zai tashi?"

"Da makon jiya kika tambaye ni, da na ba ki amsa mai daɗi. Yau ban sani ba. Malam, matsa, gado zai wuce."